Dutse na Tara

Gundumar ƙarama ce, wadda mai ƙarfin ƙafa zai iya ratsa ta daga gabas zuwa yamma tsakanin hantsi da la'asar. Daga arewa tuddai ne marasa tsayi suka tokare ta, daga kudu kuma rafi ya naɗe ta, rafin da yake cika ya tumbatsa wata uku a shekara, sauran watannin kuwa yashi ne zalla da 'yan kududdufai. Gari ɗaya gare ta da ƙauyuka shida. A cikin garin akwai kasuwa mai ci sau ɗaya a mako, da makaranta, da ƙaramin asibiti mai gado takwas, da ofishin majalisa mai ɗaki huɗu, inda shugaba da kansiloli goma suke zama ranar Talatar farko ta kowane wata. Iyakar gundumar kuwa duwatsu goma sha bakwai ne suka tsare ta. Kowanne an sassaƙe shi da kusurwa huɗu, abin da ya fito sama daga ƙasa ya kai gwiwar babban mutum, an kuma sara lambarsa a fuskar da ke kallon gari.

Mai kula da waɗannan duwatsu, tsawon shekara talatin da ɗaya, mutum ɗaya ne, kowa kuma Baba Iyaka yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Siriri ne, dogo, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda ɗaukar bokiti. Da zarar ruwan sama ya ɗauke, sai ya jiƙa farar ƙasa, ya wasa addarsa, ya fara zagaye daga dutse na ɗaya. A kowane dutse yakan sare ciyawa taku uku ta kowace fuska, ya kankare gansakuka, ya shafa farar ƙasa sau biyu, ya jira ta bushe, sa'an nan ya bi lambar da baƙin fenti da ɗan ƙaramin buroshi. Kwana tara yake yi kafin ya dawo inda ya faro. Idan ya tarar an ɗaure akuya a jikin dutse, ba ya faɗa. Yakan kwance ta, ya ja ta har ƙofar gidan mai ita, ya tsaya ya karanta masa sashen dokar da ya hana taɓa alamar iyaka, daga farko har ƙarshe, da ka, ba tare da ya tsallake kalma ba. Mutane sun fi tsoron karatun nan fiye da tara.

Gidansa shi ne na ƙarshe ta kudu, ɗaki biyu da madafa, taku saba'in daga gaɓar rafi. A ciki yake zaune da matarsa, wadda duk unguwa ke kira Gwaggo, mace gajeruwa mai kaifin harshe, wadda takan ce ita ce dutse na goma sha takwas, wanda ba a taɓa yi wa fenti ba. 'Ya ɗaya suka haifa, ta yi aure a babban birni. Shekara bakwai ke nan Gwaggo tana fama da ciwon sukari. Kowace Litinin takan je asibitin gunduma, ta miƙa katinta na 'yar ƙasa ta taga, a buɗe firji a ba ta kwalbar allura ta mako guda, ta kawo gida ta binne a jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa. Da wannan kwalba take rayuwa, ta kuma san haka, shi ma ya sani.

Akwai abu ɗaya da su biyu kaɗai suka sani. Shekara ashirin da shida da suka wuce an yi damina mai tsanani, rafi ya ci gaɓarsa, dutse na tara, wanda aka kafa a bakin ruwa daidai gaban gidansu, ya karkace har lambarsa ta kusa taɓa laka. Baba Iyaka ya kwana biyu yana dubansa, ransa a ɓace kamar mai jinyar ɗa. A rana ta uku ya haƙe shi, shi da matarsa suka ɗora shi a kan gumagumai, suka mirgina shi. Duk ƙasar da ke tsakanin gidan da rafi taɓo ce mai zabtarewa, saboda haka ba su tsaya ba sai da suka wuce gidan, suka kai shi bayansa, ta ɓangaren gari, inda ƙasa take da marmara. A nan ya kafa shi. A wurinsa ajiya ce ya yi wa hukuma, har ranar da masu awo za su zo su mayar da dutsen mazauninsa. Washegari ya je ya shaida wa shugaban majalisa na wancan zamani, wani dattijo mai saurin cewa to, wanda ya ce masa ya kyauta, za a turo masu awo bayan girbi. Girbi ya zo ya wuce, dattijon ya rasu, ba a rubuta komai ba. Baba Iyaka ya ci gaba da shafa wa dutsen farar ƙasa a inda yake, Gwaggo ta riƙa shanya tsummoki a kansa idan ba ya gida, maganar ta kwanta.

A ƙidayar jama'a da aka yi a baya, malaman makarantar gari ne suka bi gida gida, su kuwa fuskoki suka sani, ba duwatsu ba. Amma a wannan karo an zo da sabuwar doka: duk gundumar da mutanenta ba su kai dubu biyar ba, za a rushe majalisarta a haɗa ta da maƙwabciya. Don kada a yi son kai, sai aka turo baƙi daga birni su yi ƙidayar, aka kuma ba su umarni su bi iyaka kamar yadda suka gan ta a ƙasa, daga dutse zuwa dutse. Shugabar ayarin wata malama ce mai lema da tabarau, kuma Baba Iyaka aka haɗa ta da shi ya nuna musu hanya. Bai taɓa jin girma irin na kwanakin nan ba. Ya sa rigarsa mai kyau, ya shiga gaba, a kowane dutse ya tsaya ya ba da tarihinsa. A wurin dutse na uku malamar ta yaba masa, ta ce ta zaga gundumomi da yawa ba ta ga inda aka riƙe iyaka haka ba. Shi kuwa, da daɗi ya ɗebe shi, ya ce mata a gaban kowa, tun ranar da ya kama aiki babu dutsen da ya gusa ko da faɗin yatsa.

A rana ta huɗu suka iso dutse na tara, rana tsaka. Gwaggo ta shimfiɗa musu tabarma a inuwar bango, ta kawo ruwan randa, suka sha har suka ƙara. Malamar ta buɗe taswirarta a kan gwiwa, ta dubi dutsen, ta hangi na takwas da na goma, ta ja layi da fensir. Sa'an nan ta ɗaga kai ta tambayi Baba Iyaka yadda aka yi ma'aikacin wannan gunduma yake zaune a cikin waccan.

Ya yi dariya, yana zaton wasa take yi. Da ya ga ba ta yi dariya ba, sai ya dubi matarsa. Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa da moɗa a hannu, ta zuba masa ido, tana jira ya yi magana. Kalma goma da ta wadatar. Amma mutum shida ne zaune a kan tabarmar, duka sun ji abin da ya faɗa a wurin dutse na uku, sashen dokar nan kuma da ya karanta wa masu awaki fiye da sau ɗari yana yi masa amo a kunne. Malamar ta ce kada ya damu, na ƙetaren rafi za su zo su ƙidaya su. Ya ce to. Suka naɗe takardunsu, suka yi wa Gwaggo godiya, suka nufi dutse na goma, shi yana gaba.

Na ƙetare ba su zo ba. Su a lissafinsu ƙasarsu a bakin ruwa ta ƙare, kuma babu wanda ya jiƙa ƙafarsa don gida ɗaya.

Bayan wata huɗu sakamako ya fito: mutum dubu biyar da shida. Aka yi murna a gari, kansiloli suka riƙa tafa hannu da juna a bakin ofis. Baba Iyaka ya yi mamaki a ransa, domin shi yake ratsa ƙauyukan nan shida kowane wata, ya kuma san yawan gidajen da kwaɗo ya yi tsatsa a ƙofarsu tun da samari suka kwashe zuwa birni. Amma ba aikinsa ba ne. Sai aka sanar cewa tsofaffin katunan 'yan ƙasa sun daina aiki, za a raba sababbi bisa jerin sunayen ƙidaya.

Litinin ta farko bayan haka ya raka Gwaggo asibiti, abin da bai saba yi ba. Malamin da ke taga, wanda ya shekara bakwai yana tsokanarta tana ramawa, ya juya katin gaba da baya, ya ce, "Gwaggo, wannan ai ya tashi aiki."

"Ni dai ban tashi ba," in ji ta. "Buɗe firjin nan, ɗan nan, ƙafata ciwo take."

Ya duba jerin sunaye sau biyu, ya bi da yatsa, bai same ta ba. Ya rage murya ya ce yanzu kwalabe da lissafi ake turo su, kwalba ɗaya kati ɗaya, mai duba aiki kuma yakan zo ba sanarwa. Akwai guda ɗaya da ta rage ta wani da ya rasu, zai ba ta ita, amma daga nan ba shi da yadda zai yi. Su je ofis a gyara.

Akawun majalisa ɗan ƙanwar Baba Iyaka ne. A gidansa ya zauna lokacin da yake makaranta, Gwaggo ce ta riƙa wanke masa riga. Da ya ji abin da ke tafe da kawunsa, sai ya tashi ya rufe ƙofa, ya zauna a bakin tebur, ya yi masa bayani a hankali. Jerin sunaye ya riga ya tafi birni da hatimi, ba a ƙara kowa sai an rubuta cewa an yi kuskure a iyaka. Idan aka rubuta haka, za a turo wasu su sake ƙidaya. Idan kuwa aka sake, in ji shi yana kallon ƙasa, ba dubu biyar za a samu ba, domin gidajen nan masu kwaɗo duka an cika su da mutane a takarda, bayan baƙin sun ba da baya. Baba Iyaka ya ce to su tashi su dawo cikin gari da zama. Akawu ya ce baƙon da ya dawo gunduma sai ya kawo takardar sallama daga gundumar da ya baro, dokar ɗaya ce ko a birni wurin 'yarsu.

Daga nan ya jawo aljihun tebur, ya fito da katuna ɗaure da roba.

"Kawu, ga wata hanya. Waɗannan ba su da masu su. Akwai wata a nan, shekarunta sun yi daidai da na Gwaggo. An rubuta ta matar wani maƙeri a ƙauye na huɗu. Maƙerin ma babu shi. Ka ɗauka, ta je da shi ranar Litinin, malamin taga zai kau da kai."

Baba Iyaka ya dubi katin, bai miƙa hannu ba. Ya ce shekara arba'in da ɗaya yana tare da matarsa, ba zai kai ta taga a kira ta matar wani ba, ko da wanin iska ne. Ya ce shi ma'aikacin hukuma ne, gaskiya kuma tana da ƙofarta, zai bi ta can. Akawu ya mayar da katunan, ya ce yadda Kawu ya gani.

Da ya ba Gwaggo labari, tana zaune tana tsince hatsi a faranti, ba ta ɗaga kai ba.

"Mai bokiti," ta ce, "ko matar jaki aka rubuta ni, ka koma ka karɓo."

Bai koma ba. Ya ƙetare rafi, ya yi tafiyar awa huɗu zuwa ofishin waccan gunduma, ya zauna a benci har aka kira shi. Akawunsu, wani mai ƙiba da ke cin gyaɗa a kan takardun aiki, ya shimfiɗa taswirarsu ya nuna masa shuɗin layin rafi, ya ce daga nan zuwa sama ko kaza ba tasu ba ce. Ya kira abokin aikinsa ya zo ya ga abin mamaki, mai gadin iyaka ya zo tambayar inda iyaka take. Suka yi dariya, suka ba shi ruwa, suka ce ya gai da gida. Ya sake komawa bayan kwana uku da takardar roƙo da wani malami ya rubuta masa, aka karɓa, aka ce za a duba. 'Yarsu ta aiko da kwalba biyu ta hannun direban babbar mota, suka iso bayan kwana biyu a aljihun gaban mota, ruwan cikinsu ya yi gajimare saboda zafi. Gwaggo ta yi amfani da su duk da haka, ba su yi mata komai ba.

A rana ta goma sha biyu, da ya ga tana shan ruwa moɗa bayan moɗa leɓenta bai daina bushewa ba, ya sa takalmi ya tafi wurin ɗan ƙanwarsa, ya ce ya zo karɓar katin matar maƙeri. Akawu ya buɗe aljihun tebur ya nuna masa: roba ce kawai a ciki. Shugaba ya raba katunan ga kansiloli, kowa da rabonsa, domin kowane kati yana jawo magani da taki da gidan sauro, kuma ba a bar ko ɗaya ba.

Saura ƙofa ɗaya. Ranar Talatar farko ta wata Baba Iyaka ya nemi izini ya tsaya gaban majalisa. Ɗakin dogo ne, da tebur a tsakiya, da fanka wadda ba ta juyawa, da kujeru goma sha ɗaya, babu ta goma sha biyu. Ya tsaya a ƙarshen tebur, hannuwansa a baya, ya faɗi abin da ya ɓoye shekara ashirin da shida: damina, da gumagumai, da marmara, da dattijon da ya ce za a turo masu awo. Ya ce ya san sashen dokar da ya taka, ya fi kowa saninsa, a yi masa duk hukuncin da ya dace. Abin da yake roƙo kawai a rubuta cewa dutse na tara ba a mazauninsa yake ba, domin matarsa ta samu kati.

Sai wani kansila, mahauci ne a kasuwa, ya ce ashe shekara da shekaru baƙo ne yake yi musu fenti, ya kamata a ba shi lambar yabo ta zumunci tsakanin gundumomi. Wani ya ce shi akuyarsa aka taɓa ja masa har gida, yau ga shi wanda ya ja dutse ɗungurungum. Dariya ta zaga tebur. Akawu yana gefe da alƙalami, bai ɗaga kai daga littafinsa ba.

Shugaba tsohon dillalin hatsi ne, mutum mai taushin murya wanda ba a taɓa jin ya ɗaga ta ba. Ya ɗaga hannu, ɗakin ya natsu.

"Babanmu," ya ce, "tsufa ne. Wani lokaci mutum yakan tuna abin da bai faru ba. Kai da bakinka ka shaida wa jami'an gwamnati cewa babu dutsen da ya gusa ko da faɗin yatsa, suka rubuta, muka sa hannu. Mu wancan muka ji. Wannan na yau ba mu ji shi ba." Ya juya ga akawu. "Ka rubuta wani abu?"

"A'a, ranka ya daɗe."

Shugaba ya ce madalla. Ya ce ya tausaya wa Gwaggo matuƙa, uwa ce a wurinsu duka, amma ba za a rufe asibitin mutum dubu biyar saboda kwalbar mutum ɗaya ba. Sa'an nan, da muryar nan tasa mai laushi, ya ce tun da Babanmu ya zo da ƙafarsa, akwai wata ƙaramar magana da aka daɗe ana jin nauyin yi masa. Ƙa'idar aiki ta ce mai kula da iyaka dole ya kasance mazaunin gunduma, ƙidaya kuma ta nuna Babanmu ba mazauninta ba ne. Aka nemi ra'ayi, hannu goma suka tashi. Wannan kam akawu ya rubuta shi. Masinja ya bi Baba Iyaka har gida ya karɓi bokiti da buroshi biyu da ragowar farar ƙasa. Addar ce kawai ya bari, domin tasa ce.

Washegari da hantsi ya ɗauki diga ya tafi bayan gida. Ya haƙa gindin dutsen, ya sa kafaɗa ya tura. Ƙarfin da ya mirgina shi a da ya tafi, wadda ta taya shi kuma tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne, ƙafafunta a kumbure, ba ta ganin komai sai dishi-dishi. Ya yi ta fama har rana ta take, dutsen ya ɗan girgiza, bai fita ba. Wani mai wucewa ya gani ya kai labari. Kafin mako ya zagayo sabon mai kula da iyaka, surukin shugaba ne, ya iso da magina biyu da buhun siminti a baro, suka cike ramin, suka yi wa dutsen dakali mai faɗin taku biyu. Da ruwansu ya ƙare, suka yi sallama a ƙofar gidan suka roƙi na kwaɓi. Baba Iyaka yana ɗaki bai fito ba. Gwaggo ce ta ce musu randa tana nan hannun dama, su ɗiba, su dai mayar da murfi.

Ta ƙara wata ɗaya da kwana tara. Ya nemi maganin gargajiya, ya nemi na masu shago, ya je bakin tagar asibiti Litinin uku a jere ya tsaya, har malamin ya riƙa sakin labule idan ya hango shi. Ya koyi hura wuta da dafa abinci, ya koyi juya ta a kan shimfiɗa, ya riƙa wanke mata gyambon da ya fito a diddige. Ba ta yi masa gori ba, wannan kuwa ya fi masa zafi, domin ya saba da harshenta kamar yadda ya saba da nauyin bokiti. Sau ɗaya kawai, yana ba ta ruwa a baki, ta riƙe wuyan hannunsa ta ce, "Kwana goma sha biyu ka yi kana kishin maƙerin takarda." Ta saki hannun, ta juya fuska bango. Ta rasu ranar kasuwa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da hanyar bayan gida ta cika da masu wucewa da kaya a ka.

Maƙwabta suka taru, aka yi mata sutura, aka kai ta. Maƙabarta ce kaɗai wurin da ba a tambaye shi kati ba. Kansiloli uku sun zo gaisuwa, mahaucin nan har da hawaye. 'Yarsu ta zo ta kwana bakwai, ta roƙe shi ya bi ta birni, ya ce akwai sauran abu ɗaya da zai yi tukuna.

Ranar Litinin ya sa rigarsa mai kyau ya tafi ofishin majalisa, ya bi layi a bakin ɗakin akawu kamar kowa. Da aka zo kansa, ɗan ƙanwarsa ya miƙe tsaye, ya sake yi masa gaisuwa, ya tambaye shi ko da abin da zai yi masa.

"Ba kati na zo nema ba, ɗana," in ji Baba Iyaka. "Ba ta bukatarsa. Littafin mutuwa za ka buɗe ka rubuta ta. Sunanta, da ranar, da cewa matata ce. Shi ke nan."

Akawu ya dafa littafin da tafin hannu, bai buɗe ba. Ya ce littafin nan na cirewa ne daga jerin 'yan ƙasa, kowane layi sai an sa lambar katin mamaci a gefe, wanda kuwa ba a shigar ba, babu yadda za a fitar da shi. Ya ƙara da cewa ko masu katin ma shugaba ya ce a dakata da rubuta su har a tabbatar da sakamako daga birni, domin mutum shida ne kacal suka raba gunduma da rushewa, tun bayan ƙidaya kuma an binne goma sha huɗu. Idan Kawu yana son takarda, sai dai ya nema a gundumar da aka yi rasuwar.

"Wace gunduma ce?"

Akawu ya shiga gyara takardun da suke a gyare. A bayan Baba Iyaka akwai wani magidanci da ya gaji da jira, ya leƙo ta gefen kafaɗarsa ya ce shi haihuwa aka yi masa jiya, ya zo a rubuta. Fuskar akawu ta washe. Ya ce wa kawunsa ya ɗan matsa gefe, don Allah, ya jawo wa mutumin kujera, ya ɗauko ɗaya littafin, ya cire murfin alƙalami.

"Barka, barka. Namiji ko mace?"

"Mace."

"Ɗaya ce kawai?" in ji akawu. "Ka koma ka duba da kyau, ko akwai wata a bayanta."

Mutanen layi suka yi dariya. Baba Iyaka ya matsa gefe kamar yadda aka ce masa, ya tsaya jikin bango yana kallon alƙalamin yana tafiya a kan takarda, har masinja ya zo ya ce masa ya ba da hanya, ana so a shigo da benci.